Ghissa Ya Ja Amawali

A filin da Abzinawa ke kira Arlit babu gari, babu ko itacen da jaki zai fake. Abin da ke wurin, a shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama da Faransa, shi ne tantunan Nasara masu neman dutse, da bukkokin tabarma na ma'aikatansu, da kamyo guda, wato babbar mota, mai kawo ruwa da gero daga Agadas. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Babban Nasaran, wanda ake kira Mai Lofe saboda lofen taba da ba ya barin bakinsa, yana yawo da ɗan akwati rataye a wuya. In akwatin ya yi kuka a kan wani dutse, sai a kira mutane su fasa, su cika buhu, su ɗauka a ka zuwa gindin kamyo. Da an tashi aiki, Mai Lofe ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya sake tufafi. Masu ɗauka kuwa su kakkaɓe riga su kewaye akushi. Ba wanda ya taɓa tambaya me ya sa shi yake wankewa su ba sa yi. Aka ce halin Nasara ne, aka bar zancen a nan, inda muka saba barin kowane zance.

Cikin masu ɗaukar buhu akwai Ghissa, mutumin Timiya, wanda yake da lambu kafin ambaliya ta cike masa rijiya da yashi ta tafi da rabin dabinonsa. Ya zo Arlit ne a bayan surukinsa Aghali, dattijon da ke yi wa Nasara jagora, wanda ya san kowace rijiya daga nan har Asamaka, kuma shi ya tara yawancin ma'aikatan. Ghissa yana auren 'yarsa Dassin. Buhu ya riga ya cinye masa gashin tsakar ka, yana tashi da tari kullum safe, kuma ba ya son ya tsufa a ƙarƙashin dutse.

Sai labari ya zo cewa za a ƙaro kamyo na biyu, kuma za a zaɓi mutum ɗaya cikin ma'aikata a kai shi Agadas ya koyi tuƙi, ya samo permi, wato takardar tuƙi, ya dawo shofer. Sharaɗin shi ne ya ji Faransanci, domin makanikin da zai koya masa bai san ko "sannu" ba. Kujera ɗaya ce, mai rufi, mai inuwa, kuma ba a ɗora wa mai ita komai a ka. Ghissa ya ji labarin yana tsaye da buhu, tun daga ranar ya fara kallon kamyo kamar yadda yake kallon hadari a Timiya.

Don koyar da Faransancin aka kawo Mushe Muktari, ɗan Damagaram, mai farin wando da takalmi sau-ciki, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa kowane malami Mushe. Ya ɗauki turo shi arewa a matsayin horo, ko da yake ba wanda ya gaya masa laifin da ya yi. Burinsa bai ɓoyu ga kowa ba: Mai Lofe ya yaba shi wurin manya, a mayar da shi garin da ake samun ɗanyen goro. Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya koyarwa. Bayan la'asar yakan tara su a rumfar buhu, ya jingina murfin duro da ya shafa wa baƙi, ya ɗauki alli.

"Ku daina jin tsoron Faransanci," in ji shi ran farko. "Ba shi da yawa. 'Yan saiwoyi ne, a liƙa musu goshi a gaba, a liƙa musu ƙeya a baya, su yi ta zagaya ku kuna tsammani runduna ce."

Doka ta hana shi sa Hausa a darasi, amma a wannan lokacin doka tana cikin tanti tana wanke hannu. Sai ya fara da abin da suka sani. Ga gina: a sa mata "ma" a goshi, a gyara ƙeya, ga magini ya fito. Ga ɗinka, ga maɗinki. Ga Abzin, ga Ba'abzine, ga Abzinawa. Masu lambu suka gane nan take, suka ce ai dabino ne, uwa ɗaya da 'ya'ya kewaye da gindinta. Makiyaya suka ce a'a, raƙumi ne guda, sirdi ake sake masa. Mushe ya ce duka sun yi daidai, ya juya murfin duro ya shiga Faransanci. Charger, ɗora kaya. A sa dé a goshi, décharger, saukewa. A sa re, recharger, sake ɗorawa. A sa eur a ƙeya, chargeur, mai ɗorawa. A sa ment, chargement, kayan da aka ɗora. Daga nan suka wuce porter, suka fitar da porteur da emporter da transporter. Saiwoyin da ofis ya zaɓo musu duk irin waɗannan ne: ɗauka, fasa, tona, tura, ɗaure. Ba a sa saiwar tambaya ba, ba a sa ta ƙi ba. Mushe ya lura da haka, domin ba wawa ba ne, ya kuma yi shiru, domin yana son goro.

Yadda ake darasin shi ne Mushe ya jefa saiwa, aji ya amsa gaba ɗaya da iyakar ƙarfi. Wannan hanya tana da daɗin ji daga nesa, kuma ba ta tona wa kowa asiri. A cikinta Hamadi ya yi suna. Tsohon dillalin raƙuma ne daga kasuwar Agadas, ya saba sayar da gurgu da murya kaɗai. Abin da ya ɗauka daga duk darussan shi ne, duk abin da ka sa wa re a gaba da ment a baya ya zama Faransanci. Tuwo ya koma retuwoment, jaki ya koma rejakiment. Mutane suna dariya, shi yana ɗauka yabo ne, yana ƙara ɗaga murya.

Ghissa kuwa a baya yake zama, muryarsa ba ta fita cikin ta jama'a, amma abin ya kama shi kamar yadda ruwa ke kama ƙasar lambu. Wata rana ya ji makaniki yana kwance ƙarƙashin kamyo yana zagin wani ƙarfe yana cewa dévisser. Ba a koya musu ita ba. Amma an koya musu visser, murɗa ƙusa ta shiga, ga kuma dé a goshinta. Ghissa ya tsaya da buhu a ka ya kwance kalmar da kansa, ya gane ƙusar ake son ta fito. Ya yini yana murmushi cikin rawani. Da ya koma bukka ya zauna yana jero wa Dassin kalmomi tana tatsar akuya, ita tana ce masa gishiri ta aike shi ba goshi da ƙeya ba. Duk da haka in ya yi tuntuɓe ita ke ɗora masa, domin kunnenta ya fi nasa sauri. Ba a yi nisa ba Mushe da kansa ya fara cewa a fili, in da adalci, kujerar ta Ghissa ce.

To, ga inda abin yake. Tun da Ghissa ya auri Dassin bai taɓa cin abinci a gaban Aghali ba, bai taɓa shan ruwa a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, kuma muryarsa ba ta taɓa fita a inda dattijon yake zaune ba. In ya hango shi a hanya sai ya ja amawali, wato gefen rawanin da ke rufe baki, har zuwa ƙasan ido, ya kauce ya bi wata hanya. In akwai saƙo tsakaninsu Dassin ke kaiwa, ko da tsakanin bukkokin biyu bai wuce a miƙa hannu ba. Kunyar suruki ke nan a Abzin, kuma da ita ake auna ɗan mutane. Kowa a sansanin ya san wannan. Mushe ma ya sani, domin a Damagaram ma ba a zama hira da suruki. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne kuwa mai zaɓen shofer.

Da lokacin jarrabawa ya matso, Mai Lofe ya ce ba za a yi ta a ɓoye ba. Yana son a ɗaga tuta, a jera kujeru, a kuma sami wani babba na ƙasa ya zauna kusa da shi, don in an ɗauki hoto a ga cewa da yardar mutane ake komai. Ya duba sansanin duka, bai ga mai farin gemu da takobi ba sai Aghali. Aka aika masa cewa shi ne babban baƙo.

Dassin ta ji labarin a bakin duron ruwa. Ta ajiye salka ta tafi rumfar Mushe, ta same shi yana goge takalmi. Da Hausarta ta Abzin, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba, ta gaya masa abin da ya riga ya sani: in Abbanta ya zauna a wurin, mijinta ba zai buɗe baki ba. Ta roƙe shi ya gaya wa Nasara, ko dai a tambayi Ghissa shi kaɗai a bayan tanti, ko a nemi dalilin da dattijon zai tashi in an zo kansa.

Mushe ya ci gaba da goge takalmi. Ya ce mata ba ta san Nasara ba. Ya ce ya riga ya shaida wa Patoro, wato Mai Lofe, cewa hanyarsa ta koyarwa ta buɗe kan mutanen nan ta raba su da tsoffin al'adu, ta yaya zai koma yanzu ya ce ɗalibinsa mafi kyau yana tsoron gemu? Ya ce ta kwantar da hankalinta, ilimi yana da ƙarfi, in ya cika ciki da kansa yake fitowa.

"Mushe, magana ɗaya ne fa," in ji Dassin. "Ka ce wannan surukinsa ne. Shi ke nan. Ko Faransancinka ba shi da saiwar suruki?"

"Yana da ita, 'yar'uwa. Lokacinta ne bai yi ba."

Ta bar shi da takalminsa ta tafi bukkar mahaifinta. Ta tarar ya fitar da rawaninsa mai baƙin shuni, wanda ba ya naɗawa sai ran salla, yana shafa wa takobi mai. 'Ya ba ta zancen mijinta kai tsaye da uba, don haka ta yi ta kewaye. Ta ce ranar za a yi zafi, kuma ƙafarsa ba ta son kujera. Ta ce an ga amalensa ya nufi yamma, in ba a bi shi ba zai ɓace. Aghali ya saurare ta har ta gama, ya ce amale ya san hanyar gida. Sa'an nan ya gaya mata dalilinsa, kuma dalilin ya fi duk abin da take tsoro muni. Ba don kujera zai je ba, ba don shayin Nasara ba. Don mijinta zai je. Yana son Nasara ya duba ya ga yaron nan ba tsintacce ba ne, yana da manya a bayansa.

"Abba, tambaya za a yi masa. Sai ya yi magana."

"Nasara yana da ido," in ji Aghali. "Mutumin kirki ba sai ya yi surutu ake gane shi ba."

Ya koma kan takobinsa yana murmushi, cike da alheri, kamar mai shirin kai wa maƙwabci kyautar da za ta ƙone masa gida.

Saura Ghissa. Dassin ta gaya masa duk yadda aka yi, ta ce yanzu ba wanda zai cece shi sai harshensa. Ta ce rana ɗaya ce, safiya ɗaya, ya sauke amawali ya amsa, in ya so daga baya ya yi shekara yana jin kunya a cikin kamyo. Ghissa ya ce in Allah ya so. Ta san irin wannan in Allah ya so, don haka ta kifa turmi a tsakar bukka, ta naɗa masa tsohon rawanin mahaifinta, ta jingina masa sanda a matsayin takobi, ta ce wa mijinta ga suruki nan, bismilla. Ghissa ya yi dariya ya fara. Charger, décharger, recharger. Ya kai chargeur muryarsa ta fara sauka. Kafin ya kai chargement hannunsa ya tafi wurin amawali da kansa.

"Turmi ne," in ji Dassin. "Jiya na daka gero a cikinsa."

"Na sani. Rawanin ne."

Ta cire rawanin, ya karanta su duka ba tuntuɓe. Ta mayar, ya sake shaƙewa. Suka yi ta yi har akuya ta leƙo ta fara cin gefen surukin.

Ran jarrabawa aka fara da hantsi. An ɗaga tuta a kan sandar tanti, an jera kujeru uku, Mai Lofe a tsakiya, makaniki a hagu da na'urar hoto, Aghali a dama, shuni yana ƙyalli a goshinsa, takobi a kan cinya. Ma'aikata suka zauna a ƙasa. Mata suka tsaya can bayan durunan ruwa, inda aka yarda su tsaya.

Mushe ya fara da abin da ya fi iyawa. Ya jefa saiwa, aji ya amsa da murya ɗaya har raƙuma suka ɗaga kai. Mai Lofe ya gyaɗa kai, ya ce wa makaniki wani abu, makaniki ya ɗauki hoto. Sai aka shiga ɗaya bayan ɗaya. Nan asirin amshi ya fara tonuwa. Wani aka tambaye shi porteur ya ce lafiya lau. Wani ya nemi a maimaita masa da Tamajak, harshen Abzinawa. Da aka zo kan Hamadi ya miƙe kamar ya shiga kasuwa, ya sara wa Mai Lofe irin ta soja, ya fara ba da amsa tun kafin a gama tambaya. Rabi ya dace, rabi kuwa kalmomi ne da ba a taɓa jin su a Faransa ba, kowace da re a gaba da ment a baya, kowace da ƙarfin mai rantsuwa. Mai Lofe ya yi dariya har ya cire lofe. Ya ce wa makaniki wannan aƙalla ba ya tsoro.

Aka kira Ghissa. Wurin da aka zana wa mai amsawa ya tsaya yana daidai gaban kujera ta dama. Ya taso daga baya, ya bi ta gefe kamar yadda ƙafarsa ta saba, amma babu wata hanya, nan ɗin dai ne. Ya tsaya. Aghali, don ya nuna shi ma ɗan mutane ne, ya ja nasa amawalin ya juya fuska gefe. Hannun Ghissa ya tashi a hankali, ya ja rawani har ƙasan ido.

Mai Lofe ya ce charger, ya nemi kishiyarta.

Kalmar tana bakin Ghissa. Yana jin ta a kan harshe, da goshinta da komai. Yana jin wasu a bayanta sun yi layi, har da dévisser da ya samo da kansa a ƙarƙashin kamyo. Ya dubi ƙasa, ya ga takalmin surukinsa, na fata, ja da kore, wanda Dassin ta ɗinka. Ya haɗiye kalmar.

Mai Lofe ya sake tambaya, a hankali, kamar ana yi wa kurma. Ya sauya, ya ce porter, wane ne mai yin ta? Shiru. Sai ya yi tsammanin ƙyallen ne ke tare muryar, ya nuna da lofe cewa a sauke shi. Wani gunaguni ya ratsa masu zaune, irin na mutanen da aka ce wa ɗan'uwansu ya tuɓe wando a kasuwa. Ghissa bai motsa ba, sai gumi da ya jiƙa masa shuni ya gangaro.

Mai Lofe ya juya ga Mushe ya tambaye shi me ke damun wannan, ba shi ne aka ce ya fi kowa ba?

A nan ne ake bukatar jimla ɗaya. Mushe yana da ita, da Faransanci mai kyau. Duk wanda ke zaune a ƙasan nan yana da ita da Hausa ko da Tamajak, akwai ma wanda zai iya nuna ta da yatsa kawai, daga gemu zuwa rawani. Maza cike da fili, waɗanda suka fasa duwatsun da guduma ke tsoro, duk suka sami abin kallo a tsakanin ƙafafunsu. Mushe ya share murya. Ya ce wa Patoro mutanen duwatsu haka suke, kansu yana ɗauka a yau ya zubar gobe, sai an yi haƙuri da su.

"Décharger."

Daga bayan durunan ruwa muryar ta fito, ba da ƙarfi ba, amma a fili. Kowa ya waiwaya. Dassin tana tsaye da salka a kafaɗa.

"Porteur," ta ƙara. "Transporter. Ka tambaye shi a bayan tanti, Patoro, ya fi ni sani."

Ƙarshen maganar da Hausa ta yi shi, don haka Mai Lofe bai ji ba, ya dubi Mushe don fassara. Mushe ya fassara cewa matar tana gaida Patoro, kuma wannan shaida ce cewa hanyar saiwa da goshi da ƙeya ta kai har murhu. Mai Lofe ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa makaniki ya ɗauki hoton matar da salkarta. Ya ce abin takaici ne ba a ba mata tuƙi, aka yi dariya, har da waɗanda ba su ji abin da ya ce ba. Sa'an nan ya yi wa Ghissa alama da hannu ya koma ya zauna, ya nuna Hamadi da lofe.

Kamyon ruwa da ya juya Agadas ya tafi da Hamadi a gaba, yana ɗaga wa jama'a hannu yana yi musu ban kwana da kalmomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Bai daɗe ba Mushe ma ya bi, da akwatinsa da takalminsa, domin yabon ya isa inda ake so, an ce a Damagaram ana bukatar malami mai irin wannan hanya. Murfin duron ya koma kan duro.

Amma tun ran jarrabawar da yamma Aghali ya yanka akuya. Ya tara dattawan sansanin ya gaya musu yau ya san wa ya ba 'yarsa. Ya ce sun gani da idonsu, Nasara da kansa ya matsa, ya ce a sauke amawali, ya yi tayin kamyo sukutum, yaron nan bai ko ɗaga ido ba. Ya ce a zamanin nan da yara ke shan taba gaban iyayensu, samun irin wannan sai an tona. Dattawa suka ce wallahi haka ne, suka miƙa hannu cikin akushi. Wasu daga cikin waɗanda suka kalli ƙafafunsu da safe su suka fi kowa yabo. Da yake suruki ba ya cin abinci da suruki, Aghali ya zaɓi hanta da ƙoda ya zuba a ƙwarya ya ba Dassin ta kai wa mijinta, ya ce ta gaya masa ya fitar da shi kunya.

Ta same shi zaune a ƙofar bukka yana zane a ƙasa da tsinke. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa.

"Ga permi ɗinka," ta ce. "Ka ci da zafinsa."

Ghissa ya dubi naman. Ya ce mata ba a haifi mutum don kamyo ba, kuma abin da ba rabonsa ba ne ko ya yi magana ba zai samu ba. Ya ce ya ji ana cewa in dutsen ya yi yawa za a ƙaro kamyo na uku, a sake jarrabawa.

"Za a sake," in ji Dassin. "Abba ma lafiyarsa ƙalau. Ya ce kujerar ta yi masa daɗi."

Ya yi tari, ya juya mata baya kaɗan, ya sauke amawali, ya ci hantar. Ta yi daɗi.

Bayan damina sabon kamyo ya iso, Hamadi a ciki da tabarau, ya riga ya karya fitila ɗaya a hanya. Ya leƙo ta taga yana ba tsoffin abokansa umarni da Faransancinsa, suna gudu suna cikawa. A jikin ƙofar an rubuta wata doguwar kalma da farin fenti. Ghissa, da buhu a ka, ya tsaya ya kwance ta cikin ransa: ga goshi, ga saiwa, ga ƙeya. Saiwar ita ce ɗauka. Ya gyara zaman buhun ya nufi gindin kamyo.

Sai ya hango Aghali zaune a inuwar taya, daidai kan hanya, yana jan carbi. Tsakaninsa da inda zai sauke buhun bai fi tsawon raƙumi ba. Ghissa ya ɗaga hannu ɗaya ya ja amawali, ɗayan yana tallafe da dutse, ya juya ya kewaye tantin Nasara, ya kewaye durunan ruwa, ya kewaye rumfar da aka yi darasi, ya ɓullo ta ɗaya gefen kamyon yana haki. Aghali ya bi shi da wutsiyar ido har ya ɓace, ya taɓa dattijon da ke kusa da shi, ya nuna masa da haɓa.